Ni Ne Mai Haɗa Jini da Rauni a Fim

Ni baduku ne ɗan baduku. A cikin birnin Kano aka haife ni, a gidan da tun kaka da kakanni ba a san wata sana'a ba sai aikin fata: laya, kube, jaka, kayan doki. Yanzu kuwa idan aka tambaye ni abin da nake yi na ce harkar fim, sai mutum ya ƙura mini ido yana neman inda ya san fuskata. Ba zai gane ni ba, domin ban taɓa fitowa a fim ba. Raunin da ke goshin jarumi, jinin da ya jiƙa masa riga, ruwan saman da ya tsuge a tsakiyar rani, kwalbar da aka fasa wa mugu a ka, waɗannan su ne aikina. Abin da ya sa na zauna ba da wannan labari shi ne yadda mutane suka ɗauka yanzu kwamfuta ce take yin komai, har matasan da suke son shiga harkar ba sa kallon aikin hannu a matsayin sana'a. Alhali ni da shi na yi aure, da shi nake ciyar da iyalina, alhamdu lillahi.

A gindin mahaifina na koyi launi. Da karan dafi yake rina ja, da kuloko yake rina baƙi, rawaya kuwa da gangamau. Yakan ajiye mini fata uku da kowa zai rantse launinsu ɗaya, ya ce in ware wadda ta fi nuna. Ya kuma koya mini fefe gefen fata da wuƙa har ya yi siriri, yadda in an haɗa biyu yatsa ba zai ji inda suka haɗu ba. A lokacin gani nake takura ce kawai, hankalina yana sinima. Muna samari mukan lallaɓa Plaza ko Marhaba mu kalli finafinan Indiya da na Chana. Abokaina suna tafa wa jarumi, ni kuma ina ta tunanin yadda aka yi takobi ya shiga cikin mutum ya fito ta baya, kuma gobe ga shi a wani fim ɗin lafiyarsa ƙalau.

Tun da aka fitar da Turmin Danya a 1990 harkar fim ɗin Hausa ta fara kafuwa a Kano, kafin a shekara goma kuwa kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da kaset. A wannan zamanin ne wani furodusa ya zo shagonmu ya ba da aikin kube da layu da warki na wani fim ɗin gargajiya. Da aka gama, Baba ya aike ni in kai musu wani ƙauye da suke ɗauka. Na iske ana shirin ɗaukar faɗa, wani yaro yana dama tumatirin gwangwani da zoɓo a kofi. Da aka shafa wa jarumin a kafaɗa sai bakina ya suɓuce na ce ai jini ba haka yake ba. Daraktan ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, kai za ka iya wanda ya fi wannan?" Na ce in ya ba ni zuwa gobe. Washegari na komo da abin da na haɗa, aka ɗauka da shi, aka sallame ni da kuɗin mota da ɗan abin da ya yi saura.

Shawo kan Baba ya fi haɗa jinin wuya. Kowa ya san irin kallon da ake yi wa 'yan fim a garin nan, kuma shi mutum ne mai gudun abin magana. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan wata rana bayan sallar isha'i ya kira ni zaure. Ya ce ba zai hana ni neman halak ɗina ba, amma da sharaɗi: kada aiki ya sa in bar salla, kada in sa hannu a jikin matar da ba muharramata ba. Sai ya ƙara da cewa, "Ka ga fatar da muke yanka a nan, mai ita ya riga ya mutu. Wadda za ka je ka taɓa, mai ita yana da rai, yana da 'ya'ya. Ka san abin da za ka ɗora masa." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Allah Ya jiƙansa, bai rasu ba sai da ya ga na buɗe ɗan shagona.

Jini na fara ƙwarewa a kai, kuma a kwata na koye shi. Nakan yi sammako in tsaya wajen mahauta ina kallon yadda jini yake fita ja jawur, ya yi duhu cikin 'yan mintoci, ya daskare, zuwa hantsi ya koma kamar ruwan ƙasa mai duhu. Wanda bai lura da wannan ba shi ne zai sa wa mutumin da aka ce ya kwana a daji da rauni jini mai sheƙi kamar yanzu aka yanke shi. Saboda haka iri uku nake haɗawa: mai gudu, mai kauri, da busasshe. Tushensu ɗaya ne, sikari da aka dafa ya yi danƙo, da jar kalar da masu kek suke amfani da ita, da ɗigon shuɗi kaɗan don ya kashe hasken jan, da garin koko don ya yi duhu ya daina nuna abin da ke bayansa. Wanda zai shiga baki dole ne ya zama abin da in an haɗiye ba komai. Wanda zai zuba a tufafi nakan ɗiga masa sabulun ruwa don ya fita a wanki, musamman da yake sau da yawa kayan aro ne, kuma robarsa daban take da alama a jiki, don kada a yi kuskure a ba wani a baki. Daga baya na ji cewa a 1960 shahararren darakta Alfred Hitchcock da ruwan cakulan ya yi jini a wani fim ɗinsa, saboda fim ɗin baƙi da fari ne, kauri da duhu kaɗai kyamara take gani. Abin ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, na gane ashe ko a Amurka daga kicin sana'ar ta faro.

Matsalar jinin sikari a ƙasarmu ita ce ƙuda da cinnaka. Idan jarumi zai kwanta a ƙasa a matsayin gawa, sai na share wurin na duba ramuka, kuma ba na zuba jinin sai kyamara ta gama shiri tsaf. Mutumin da cinnaka ya shiga wa wuya ba zai iya riƙe numfashi ba ko da wane irin gwani ne.

Rauni shi ne inda gadon gidanmu ya yi mini rana. A ce sara ne a damtse. Zan wanke wurin in goge maiƙo, in shafa ruwan roba da ake kira latas, in ɗora auduga siririya, in sake shafawa, in bari ya sha iska, haka hawa-hawa har ya yi tudu. Gefen nan sai na fefe shi ya ɓace cikin fata, domin gefe ne yake tona asirin raunin ƙarya. Daga nan in tsaga tsakiyar da almakashi mai dakusasshen baki, in ɗaga leɓɓan tsagar, in sa baƙi-baƙi a can ciki don ya yi zurfi, ja mai duhu a kusa da shi, jini mai kauri a ƙarshe. Kafin duk wannan, nakan ɗiga wa mutum latas ɗin a bayan hannu tun da wuri in ga ko jikinsa zai karɓa, saboda akwai waɗanda yake sa wa ƙaiƙayi da kumburi.

Akwai abin da bidiyon koyarwa na intanet ba zai ba ka ba. Kusan dukkansu a kan farar fata ake yin su, kayan shafar da ake shigowa da su ma yawanci don ita aka haɗa. A jikin Bature duka yana fitowa ja, ya koma shuɗi, ya koma rawaya. A jikin baƙin mutum ba haka abin yake ba: wurin duhu yake ƙarawa, ya kumbura, ya yi sheƙi. Wanda ya kwafi na Turawa kai tsaye sai ya fito da jarumi kamar an shafa masa kwalli da janbaki. Ni a gidan dambe na koyi kumburin ido da fashewar leɓe, ina zaune kusa da 'yan wasa bayan an tashi, ina kallon yadda fuska take sauyawa. Tabo ma haka: wani nasa baƙi yake yi, wani ya yi fari, wani ya yi tudu. Sai ka dubi jikin mutum, ka ga irin tabon da yake da shi tun asali, sannan ka san wanda za ka ƙirƙira masa.

Sai kuma maganar kwantiniti, wato komai ya zauna daidai daga wannan fitowa zuwa waccan, wadda ita ce take hana ni barci. Ba a ɗaukar fim a jere. Ana iya ɗaukar fitowar da raunin ya kwana bakwai yau, a ɗauki ta ranar da aka ji shi bayan mako biyu, a wani garin. Dole tsagar ta zauna a wuri ɗaya, da tsawo ɗaya, ta gefen da aka sare shi. Kafin wayoyi masu kyamara su yawaita, zanawa nake yi a littafi, in auna da zare daga gira ko daga gwiwar hannu. Har yanzu ban yar da littafin ba, ko da yake ina ɗaukar hoto.

Wani abin da ya shafe mu mu kaɗai shi ne salla. Raunin da aka yi awa biyu ana gina shi a fuska ko a hannu yana hana ruwa taɓa fata, kuma lokacin salla ba ya jiran darakta. Don haka tun da safe nake zama da mataimakin darakta mu tsara: jarumi ya yi alwala ya yi azahar, sannan in fara, a ɗauka kafin la'asar ta yi nisa, in cire masa. Wani dattijo a cikin 'yan wasa, da na taɓa gaya masa cewa za a ɗan jinkirta saboda haka, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, Allah Ya yi maka albarka, da ma abin yana damuna, kunyar faɗa nake ji." Na ce, "Amin, Baba." Jelatin ma da ake narkawa a yi ƙuna ko kumburi da shi, da yawa daga cikin na ƙasashen waje daga fatar alade ake samo shi, don haka sai na tabbatar na shanu ne ko na kifi kafin in saya. Ga shi kuma ba ya jure zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, sai a kula mai ƙanƙara nake ajiye shi, in an manna kuma a yi maza a ɗauka kafin gumi ya ɗaga shi. Game da mata, ƙanwata na koya wa aikin. Ni nake haɗa kayan in zana mata yadda nake so, ita take ɗorawa. Yanzu ta fi ni iya tsufar da fuska: ta ja fatar, ta shafa latas, ta busar, ta sa hoda, ta saki, sai ga tamoji sun fito.

A 2007, da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni, da yawa daga cikinmu muka watsu Kaduna da Jos neman abinci. Wahala ce a lokacin, amma a Jos na haɗu da waɗanda suka yi karatu a makarantar koyon fim ta ƙasa da ke can, kuma ba su yi mini rowar ilimi ba. A wurinsu na ga yadda ake ɗaukar siffar hannu ko fuska da garin nan da likitocin haƙori suke auna baki da shi, a zuba filasta a fitar da ita sak. A wurinsu kuma na fahimci sirrin ruwan sama. Mu da, tiyo muke kafa wa mutane a ka, su jiƙe sharkaf, a zo kallo ba a ga ruwan ba. Ashe ruwa ba ya fitowa a kyamara sai an hasko shi ta baya, kuma sama ake harba shi ya faɗo da kansa, a kuma sa wani layin ruwan kusa da kyamara. Ranar ruwa ni ne na farkon zuwa, domin inda tankar ruwa da wayoyin janareta suka haɗu ba wurin wasa ba ne. Kowace mahaɗar waya sai na ga an ɗage ta daga ƙasa an naɗe. In da sanyi ne, sai an tanadi bargo da shayi mai zafi kafin in buɗe famfo.

Kwalbar da ake fasawa a ka da sikari nake yin ta. Ana dafa shi da ruwa da gulukos har zafinsa ya kai wajen digiri 150, a zuba a mazubi, a juya ya lulluɓe ciki, a bari ya huce. Da rani tana fitowa garau. Da damina laima tana sa ta danƙo cikin 'yan sa'o'i, don haka a ranar ake yin ta. Ko ita ma tana iya yanka, shi ya sa nake nuna wa mai dukan inda zai sauke ta, in kuma sa wa wanda za a daka soso a cikin hula.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai a wannan sana'a ita ce wadda na bar aiki saboda wuta. Labarin ya ƙunshi ɗakin kara da zai kama da wuta, jarumi ya fito daga ciki da gudu. Na tsara yadda za a yi: a gina bangon gaba kaɗai, a kunna wuta a kasko tsakanin kyamara da ɗan wasan yadda za a ga kamar tana jikinsa alhali akwai tazara, hayaƙi kuma na gawayi da ɗanyen ganye daga gefe, ga bokitan yashi da jiƙaƙƙen bargo da tukunyar kashe gobara a kusa. Sai furodusan ya ce rana tana faɗuwa, kuɗinsa suna ƙonewa, a watsa wa ɗakin fetur kawai a ƙyasta, yaron ya fito da sauri. Yaron sabon shiga ne, yana tsoron ya ƙi a ce ba shi da zuciya. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, fetur ba ruwansa ne yake kamawa ba, tururinsa ne. Kafin a ƙyasta ya riga ya cika ɗakin, tashi ɗaya zai yi, ƙofar ma ba zai gani ba." Ya ce in ba zan yi ba akwai masu yi. Na haɗa kayana. Kafin in kai bakin hanya mai ɗaukar hoto ya rufe kyamararsa ya biyo ni, mai fitila ma haka. Ba a ɗauki fitowar ba a ranar. Ragowar kuɗina ban gan su ba har yau, kuma na yafe. Yaron nan yanzu magidanci ne, duk inda muka haɗu sai ya tsaya mun gaisa.

Bindiga ma ban yarda da ta gaske a wurin ɗauka ba, ko an ce babu harsashi. A 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu yana da shekara 28 a wurin ɗaukar fim, saboda wani kan harsashi da ya maƙale a bututun bindiga ba a duba ba. A watan Oktoba na 2021 mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasa ranta a jihar New Mexico, lokacin da bindigar da ke hannun jarumi Alec Baldwin ta tashi da harsashi na gaske a ciki. Waɗannan wurare ne masu ƙwararru da dokoki da kuɗi, balle mu. Tawa ta katako ce ko ta roba, masassaƙi ya fitar da siffar, ni in yi fenti in goga mata garin fensir ta yi ƙyallin ƙarfe. Duk da haka sai an sanar da 'yan sanda da mai unguwa kafin a fito da ita, domin a halin da ƙasa take ciki, wanda ya hango mutane da bindigogi a bayan gari ba zai tsaya tambaya ba.

A nan ne nake ganin amfanin kwamfuta, kuma ba na gaba da ita. Walƙiyar bakin bindiga, fashewar bam, wuta a jikin mutum, duk a bar wa edita, ya fi aminci. Inda nake ja da masu cewa "a bari a gyara a editin" shi ne abin da ya taɓa jikin ɗan wasa. Jinin da aka liƙa da kwamfuta ba ya jiƙa riga, ba ya bin tamojin fuska, ba ya shiga ido ya sa mutum ƙiftawa. Na sha ganin jarumi yana wasa sama-sama, da an gama masa rauni ya dubi madubi sai tafiyarsa ta sauya, ya fara kare hannun kamar da gaske yana ciwo, abokin wasansa ma ya rage murya. Wanda aka zubo wa ruwa na gaske ba sai an ce masa ya yi rawar sanyi ba. Mai kallo ba zai iya faɗar dalili ba, amma ya san fim ɗin da ya shige shi da wanda bai shige shi ba.

Zamani ya sauya mana aiki sosai. A lokacin kaset hoto ba shi da kaifi, abubuwa da yawa suna wucewa ba a lura ba. Kyamarorin yanzu har ƙofofin gashi suke nunawa, ga masu kallo a waya suna tsayar da hoto su zuƙo shi su yi ta sharhi. Kasuwar faifai ta mutu, aiki ya koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara a 2014, wanda ke nufin rauni ɗaya yana iya bin mutum watanni, yana warkewa a hankali daga wannan mako zuwa wancan. Aikin ya ƙaru, amma matsayinsa a kasafin furodusa bai ƙaru ba. Har gobe akwai mai kirana da daddare ya ce da safe yana son mutumin da ya ƙone rabin fuska, kuma kuɗin da ya ware bai kai na abincin rana ɗaya ba. Silikon, wata roba mai laushi, da latas daga Legas ake kawo su ko daga waje, farashinsu yana bin dala. Abin da nake roƙo bai wuce a ba mu labari tun ana rubuta shi ba, a kira mu zaman shiri tare da mai kyamara da mai fitila, a kuma rubuta sunan yaran da suka yi aikin a ƙarshen fim.

Yanzu ina da yara a shago, maza da mata, wasu sun gama sakandare, wasu daga tsangaya suka zo. Wanda duk ya zo, ba ya taɓa fuskar kowa sai ya iya haɗa launin fatar hannunsa da kansa, ya kuma iya kashe wutar gas da jiƙaƙƙen bargo ba tare da ya firgita ba. A 'yan kwanakin nan takubba muke yi na wani fim ɗin tarihi da za a ɗauka bayan damina. Kowane takobi biyu ne: na ƙarfe marar kaifi wanda za a nuna kusa, da na roba wanda za a yi sara da shi. Kubensu kuwa na kai wa yayana, shi ya riƙe shagon gidanmu, ya ce in ba shi zuwa ƙarshen wata.